Gyaran Ishiyaku

Malam Ishiyaku ya yi shekara ashirin da biyu a rumfa ɗaya, a bakin tashar babura ta Rurum, gindin wata darbejiya. Sifanunsa goma sha ɗaya ne, na sha ƙirga su. Yana da guduma biyu, da tsohon kwanon da yake wanke kayan inji a ciki, da cokalin shayi guda ɗaya da yake sokewa a aljihun gaba kamar yadda ma'aikata ke soke biro. Duk ɗan acaɓar da ya yi aiki tsakanin Rurum da Rano da Kibiya a wancan zamani ya san shi, amma da wuya ka ji an ce Malam Ishiyaku kawai. Ishiyaku Ƙwarya ake cewa.

Mutumin Nariya ne. Mahaifinsa, Alu, gyartai yake yi, wato ɗinke ƙwaryar da ta tsage. Matan Fulani na rugagen kusa su ne masu kawo masa aiki, kuma tun Ishiyaku bai kai tsayin turmi ba yake riƙe wa uban ƙwarya yana huda ta da basilla. A nan ya koyi duban cikin ƙwarya. Uban ya ce masa kada ya ruɗu da zanen baya, ya leƙa ciki: in cikin ya zagaye sumul babu lungu, ko'ina ludayi zai kai, nono ba zai maƙale ya yi tsami a gefe ba.

Da kwanon roba ya cika kasuwa, gyartai ya daina ciyar da gida. Ishiyaku ya bi ayarin samarin da suka tafi aikin dam ɗin Tiga, aka ba shi wankin kayan inji a wajen bakanikan kamfani. Wata rana aka kwance babur ɗin wani fomen, aka miƙo masa kan injin ya wanke. Ya juya shi, ya ga ramin da fetur ke kama wuta a ciki, zagayayye, ga bawul biyu sun karkata suna kallon juna, ga ramin filogi kusa da tsakiya. Bai san ya yi magana da ƙarfi ba.

"Wannan ai ƙwarya ce!"

Bakanikan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sunan da ya bi shi ke nan har kabari.

Ni Jabiru na same shi ya riga ya yi furfura. A lokacin ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan acaɓa a Rurum, mutum talatin da uku, kuma an ba ni muƙamin ne saboda ba na barin abu ya wuce ban ƙirga shi ba. Na san minti nawa ne daga tasha zuwa kasuwar Rano, na san ramuka nawa ne a hanyar, na san sau nawa kowa ya makara taro. Mutane suna tsokanata da haka, ni kuma ina jin daɗi.

Malam yana son yi mana bayanin ƙwaryarsa, musamman in rana ta take fasinja ya ɗauke. Sai ya ɗauki tsohon kan inji ya ɗora a cinya.

"Ku duba nan. Wuta a tsakiya take tashi, ta bazu ko'ina lokaci guda, babu lungun da za ta ɓuya. Bawul kuma da yake a kishingiɗe suke, an samu wurin yin su manya. Iska ta shigo ta nan, ta fita ta can, ba ta kwana. Injin da kansa yake a shafe kamar faifai ba zai taɓa numfashi haka ba."

Wani malamin makarantar sana'a da yake kawo masa gyara ya taɓa gaya mana cewa Turawa suna kiran irin wannan kai hemi, wai a Amurka har rubuta sunan ake yi a jikin mota don alfahari, kuma da su ake tsere. Kafin la'asar 'yan tasha sun mai da kalmar himma. Malam ya ce mu daina zumuɗi, kusan duk baburan da muke hawa himmar gare su, da na Japan da na Caina. Ba wanda ya yarda. Dalili kuwa shi ne nasa babur ɗin, wani tsohon ja wanda fentinsa ya koɗe, tankinsa ya lotsa. Akwai wani tudu bayan gada a hanyar Rano da muke kira Hawan Jaki, inda kowa ke saukowa giya ɗaya in ya yi lodi. Jan babur ɗin Malam da buhu uku yake haye shi a giya biyu, ko tari ba ya yi. Wasu suka ce laya ce a ƙarƙashin kujera. Ni na ce a raina ba laya ba ce, lissafi ne, kuma sai na gano shi.

A shekarar 2005 aka matsa da maganar hana ɗaukar mata a babur a birni, samari da yawa suka dawo gida da baburansu, tasha ta cika, fasinja ya yi kaɗan. Abin da ya rage mana shi ne dakon buhuna zuwa kasuwa. Wanda babur ɗinsa ke jan uku ya fi mai jan biyu, magana ta ƙare. Ga shi kuma zaɓen ƙungiya na tafe bayan kaka, ni kuwa kujerar ciyaman nake hange. Ina neman abin da zan riƙe a hannu in nuna wa mutane.

Wata ranar Talata da hantsi na tarar da Malam ya kwance jan babur ɗin. Ya kankare baƙin da ya taru a kan injin, ya mai da bawul da filogi, ya kifa shi a kan benci ramin na kallon sama. Sai ya zaro cokalin nan na aljihu, ya fara zuba baƙin mai a ciki. Ɗaya. Biyu. Uku. Man ya tsaya daidai baki, ko ɗigo bai zuba ba.

Na ce, "Baba, me ake aunawa?"

"Cikin ƙwarya. Uku take ci, uku na same ta."

"To in ta ci huɗu fa?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya yi dariya. "Ranar da ta ci huɗu, Jabiru, za ka ga abin mamaki a Hawan Jaki."

Daidai nan wani mai buhun gyaɗa ya ƙwala min kira, na tafi. Da na ƙara tsayuwar minti ɗaya na ce wane irin mamaki, da ba a yi komai ba. Amma ni a tarbiyyata duk abin da ake aunawa, mai yawa ya fi. Mudu huɗu ya fi uku. Buhu huɗu ya fi uku. Ƙwaryar da ta fi zurfi ta fi cin nono. Tun kafin in kai gada na gama yanke hukunci: tsohon nan ya san yadda ake ƙara wa inji ƙarfi, tsoro ne kawai irin na tsofaffi ya tsayar da shi a uku.

Washegari na ari sifanarsa lamba goma, na ce zan ɗaure madubi. Na kwance kan injina a zauren gidanmu, na sa a buhu na nufi Rano wajen Shitu, mai feƙe farantan injin niƙa da dutsen lantarki. Na ba shi cokali na ce ya rarake ramin har sai ya ci huɗu.

Shitu ya juya shi a hannu. "Kai, ɗan acaɓa, ni masara na sani. Wa ya aiko ka da wannan hauka?"

"Malam Ishiyaku."

Haka ta fito, ko ɗar ban ji ba.

"Ƙwarya da kansa? To ai shi ke nan. Kawo."

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne da na mayar, babur ɗin ya canza murya, ya yi wani kauri mai daɗin ji. A lokacin man 'yan bumburutu muke sha, wanda ake sirka shi da kananzir, kuma injina ya saba yin ƙwas-ƙwas da shi in na matsa. Ƙarar nan ta ɗauke ɗif. Na gwada shi zuwa Rano ba kaya, na duba agogo: minti talatin da ɗaya, alhali a da talatin da biyu nake yi. Ban lissafa cewa ranar babu shanu a hanya ba, ban kuma lissafa cewa ni nake son ya zama talatin da ɗaya ba. Mutumin da ya ƙirga ramukan titi bai ɗora ko buhu ɗaya ya gwada ba.

Na fara jan mutane gefe ɗaya bayan ɗaya. Na ce awon Malam ne, sirrin jan babur ke nan, shi ba shi da dutsen lantarki shi ya sa ake kaiwa Rano. Na ƙara da cewa kada kowa ya tambaye shi, zai musa, don ba ya son a sani. A cikin kwana goma sha tara na kai kai bakwai wajen Shitu, har da nawa. Ana ce wa aikin gyaran Ishiyaku, ana raɗa shi kamar maganin farin jini. Masu wucewa suka fara ce min ciyaman tun ba a yi zaɓe ba.

Kaka ta zo, masara ta fito, aka fara lodi.

Dalhatu ne na farko. Magidanci ne mai 'ya'ya biyar, bai taɓa faɗuwa da kaya ba. Ya ɗauki buhu uku, ya kai tsakiyar Hawan Jaki, babur ya yi gurnani ya yi laushi. Ya sauko giya ɗaya, bai ja ba. Ya fara komawa da baya, suka zube a kwalbati, buhu ɗaya ya fashe, salansa ta kwanta masa a ƙauri ta ƙone shi har farin nama ya fito. Ina bayansa da buhu biyu kacal, nawa ma sai da na sauka na tura. A cikin mako guda baburan nan bakwai babu mai hawa da lodi, biyu kuma ƙarfen ya tsage tsakanin filogi da bawul saboda ya yi siriri.

Aka kira taro ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gaban rumfar Malam. Dalhatu ya zo yana ɗingishi, ya dire kan injinsa a kan benci.

"Baba Ƙwarya, ga himmarka nan. Ka dafa ka ci."

Malam ya ɗauka, ya sa yatsa ya shafa cikin. Na ga fuskarsa ta canza. Ya zaro cokali, ya zuba mai, muna kallo. Da na uku ya shiga bai cika ba, sai ya tsaya da cokalin a sama.

"Wa ya yi wa inji wannan ta'asa?"

Dalhatu ya ce, "Au, tambaya ma kake? To ai an ce za ka musa!"

Ciyaman ɗinmu na lokacin, Ramalan, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juyo gare ni. "Sakatare, kai ka kawo maganar nan. Tsakaninka da Allah, Malam ya faɗa ko bai faɗa ba?"

Na san amsa. Tun ranar da na tura babur ɗina a tudun nan na gane irin mamakin da yake nufi. Na dubi ƙafar Dalhatu, na dubi sauran mutum talatin da ɗaya da nake son ƙuri'unsu, sai na zaɓi kalmomin da babu ƙarya a cikinsu ko ɗaya.

"Ya ce da ni ranar da ta ci huɗu za a ga abin mamaki a Hawan Jaki."

Ramalan ya ce, "Malam, ka faɗi haka?"

Da wani ne, da sai ya ce bai tuna ba. Malam ya ce, "Na faɗa. Amma abin da nake nufi..."

Ba a bar shi ya ƙarasa ba. Wannan ya ce ai kuwa mun ga mamaki, wancan ya ce tsufa ne ya taɓa shi, wani daga baya ya ce dama ɗan mai gyartai me ya sani ban da huda abu. Aka kawo shawarar a tashe shi daga rumfar tasha a kawo wani bakanike. Aka ce a ɗaga hannu, ni ne mai ƙirga. Ashirin da uku suka ce ya tashi, tara suka ce a bar shi. Na ƙirga sau biyu kamar yadda na saba. Ramalan ya ce ni fa, na ce ni hannuna na riƙe da biro. Na rubuta a littafin taro da kyakkyawan rubutu.

Da safe ya zo kwashe kaya. Na yi niyyar kada in fito, amma na kasa zama a gida, na tsaya nesa kaɗan ina goge babur ɗin da ba shi da datti. Ya jera sifanu a kan tsumma yana naɗewa. Goma ne.

"Jabiru."

"Na'am, Baba."

"Lamba goma tana wajenka."

Na fara laluben aljihu.

"A'a, bar ta. Na ga tana yi maka aiki."

Ya ɗaure akwatin a bayan jan babur, ya buga shi sau ɗaya ya tashi, ya kama hanyar Kibiya.

Ina so in ce zuciyata ce ta kai ni na faɗi gaskiya, amma ba haka aka yi ba. Kwana arba'in da ɗaya na yi ina shiru, har ina ci gaba da kamfen. Shitu ne ya haɗu da Malam a wata jana'iza a Kibiya, ya je ya ba shi haƙuri, ya ce shi umarninsa ya bi. Malam ya ce bai taɓa aiko masa da kowa ba. Shitu bai koma Rano ba, tasharmu ya zarto, ya same ni a tsakiyar mutane.

"Kai mai cokali! Na ce wa ya aiko ka, me ka ce min? Maimaita a gabansu!"

Na maimaita. Ban san inda muryar ta fito ba. Ba wanda ya dake ni, kuma da dukan aka yi da ya fi min sauƙi. Dalhatu ya dube ni kawai ya ce, "Ashe har mu ka ƙirga." A ranar na ajiye littafin taro, maganar ciyaman kuwa ko a mafarki.

Na tattara kawuna biyar da ba su tsage ba, na sa a buhu, na tafi Nariya. Na tarar da shi a ƙofar gidan mahaifinsa, ya kafa 'yar rumfar kara, injinan ban-ruwa uku na masu lambu a gabansa. Na durƙusa na fara jawabin da na shirya a hanya. Ya bar ni na kai rabi.

"Ka ci abinci?"

Na ce na ƙoshi. Ya leƙa zaure ya ce wa matarsa Huseina a kawo ruwa, sannan ya zazzage buhun.

"Dunƙule hannunka," in ji shi. Na dunƙule. "Buɗe. To da wanne za ka naushi mutum? Fistin matse iska yake yi a cikin ƙwaryar nan kafin wuta ta tashi. Matsin shi ne ƙarfin. Ka ƙara mata ɗaki, ta samu wurin miƙe ƙafa, me zai sa ta yi faɗa? Ni siffar nake yabo, ban taɓa yabon zurfi ba. Jan babur kuma ba shi da wani sirri. Ina wanke shi, ba na ba shi man bumburutu, shi ke nan."

Ya ɗauko wani gilashin taga mai kauri, ya shimfiɗa samfefa a kai, ya yayyafa ruwa. Ya ce in kifa kan injin in riƙa goga fuskarsa ina zagayawa kamar mai rubuta takwas, don bakin ya ragu ramin ya ƙanƙance. Na fara ina ƙirgawa a fili. Da na kai ɗari huɗu da wani abu ya ce, "Jabiru, don Allah ka yi mana shiru, ka kalli ƙarfen."

Kwana shida ina zuwa. Fatar yatsuna ta saɓule. Shi ne mai aunawa, kuma duk wanda ya kai uku da rabi sai ya karɓe, ya ce in aka ƙara gogawa, bawul zai taɓa fistin. Huɗu suka gyaru haka, suna hawa da buhu biyu. Na biyar, wanda dutsen Shitu ya ci mazaunin bawul ɗinsa, ya ce a jefar. Nawa ne.

Ramalan ya jagoranci mutum takwas suka je ba shi haƙuri, suka ce ya dawo rumfarsa. Ya karɓe su da fara'a, aka dama musu fura. Ya ce ya yafe, amma rumfa ta riga ta samu mai ita, shi ma magidanci ne, ba za a tashe shi saboda shi ba. Ya ce masu lambu ma suna bukatar mutum, gwiwarsa kuma ta gaji da zirga-zirga. A Nariya ya zauna yana gyaran injinan ban-ruwa shekara goma sha ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa da damina. Na kai masa lamba goma sau uku yana cewa in bari sai wani zuwan. Tana nan a wajena.

'Yan tasharmu sun san gaskiya, amma kalmar ta riga ta fita daga Rurum tun kafin Shitu ya zo. Ta je Rano, ta je Zurgu, ta shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin Malam ba. Watan jiya ina shan mai a Kibiya, wani mai gemu ya turo babur ɗinsa yana haki, abokinsa ya ce, "Kai, wannan naka ko gyaran Ishiyaku aka yi masa?"

Na ce, "Malam, yi haƙuri. Gyaran Jabiru ake cewa. Ishiyaku uku ya ce."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wane ne kuma Jabiru?"

Na ce ni ne. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake, ya juya ya ci gaba da maganarsa. Shi ne mutum na sittin da huɗu da na gaya wa.